Littafin da Bai Kai Shekarunsa Ba

Shekara goma sha huɗu Malama ta yi a ɗakin tsofaffin takardu na jami'a, wani ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen ɗakin karatu, inda fanka ke juyawa kamar ana roƙonta. Aikinta shi ne a kawo mata rubutun hannu, ta faɗi shekarunsa da irin takardarsa da irin tawadarsa. Abokan aiki na tsokanarta da cewa ko wasiƙar soyayya aka aiko mata, sai ta ɗaga ta ga haske kafin ta karanta.

Wata safiya Kawunta, ƙanen mahaifiyarta, ya shigo da wani ƙunshi a rungume. Shi ne shugaban wata jama'a ta masu ibada da kakanninsu suka kafa, kuma a hannunsa littafin jama'ar yake. Tun tana ƙarama take jin cewa Kakan farko ne ya rubuta shi shekara ɗari huɗu da suka wuce, har ya faɗi zuwan jirgin ƙasa tun ba a san ƙarfe zai yi gudu ba. Ba ta taɓa ganinsa a buɗe ba.

"'Yar nan, ga shi na kawo miki da kaina," in ji Kawu. "Za mu buga shi kowa ya samu. Ina so jami'a ta sa hannu a kan shekarunsa, don bakin masu gardama ya mutu. Na ce ina da 'ya a gidan, me zai kai ni wurin bare?"

Ta karɓa da hannu biyu, har idonta ya ciko da ƙwalla.

Kwana uku ta yi a kansa. Tun a rana ta farko ta ga matsala. Da ta ɗaga shafi ga haske, sai ga tambarin masana'antar da ta yi takardar a cikin jikinta: tsuntsu a kan ƙugiya, da haruffa biyu. Ta san tambarin. Ta jawo kundin tambura ta duba, ta rufe, ta sake dubawa. Shekara casa'in da 'yan kai ke nan da masana'antar ta fara amfani da shi. Ta ce wa ranta wataƙila wannan shafin ne kawai aka sauya, sai ta bi littafin ganye-ganye, ɗari da sittin da biyu. Duk takarda ɗaya ce. Tawadar ta kwalba ce, kuma bakin alƙalamin ƙarfe ya bar ƙarzarsa a kowane layi, abin da alƙalamin kara ba ya yi. Wanda ya rubuta zancen jirgin ƙasa, da alama ya sha jin kukansa da kunnensa.

Ta tafi gidan Kawu da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani a hankali.

"Kawu, ban ce babu Kakan farko ba. Ban ce maganganun da ke ciki ba su da tushe ba, mai yiwuwa kwafa aka yi daga wani tsoho. Abin da na iya gani shi ne wannan littafin bai kai shekara ɗari ba."

Kawu ya ce, "Wato ubana maƙaryaci ne, ubansa ma maƙaryaci ne."

"A'a, Kawu. Abin da suka tarar suka faɗa."

"To ke wa ya aike ki bincike a kan abin da aka yi imani da shi? Hannu na ce ki sa. Wanda ya yi shakkar littafin nan ba ya cikinmu, kin sani."

"In na sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba, Kawu, hannun nawa ba zai amfane ku da komai ba."

Ya miƙe ya shige ciki, ya bar ta a durƙushe.

Washegari Farfesa, shugaban sashensu, ya kira ta ofis. Ashe Kawu ya riga ta zuwa. Farfesa mutum ne mai laushin baki, ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa.

"Malama, ke ma kin san yanzu ilimi ya wuce nan," ya ce. "Gaskiya ba ɗaya ba ce. Su a wurinsu littafin ya shekara ɗari huɗu, wannan gaskiyarsu ce. Ke a wurinki casa'in, wannan taki ce. Wa ya ba mu ikon fifita wata a kan wata? Ki rubuta cewa a fahimtar al'umma shekarunsa kaza, ki tsaya nan. A bar kaza cikin gashinta."

"Ranka ya daɗe, bara da aka yi maka gwajin jini, da likita ya ce sukari ya hau, ka ce masa wannan gaskiyarsa ce?"

Farfesa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wannan daban."

"Zan rubuta abin da suka yi imani da shi, da mutuntawa, domin shi ma abin sani ne. Amma a ƙasansa zan rubuta abin da takarda ta nuna. In na bar rabin, duk wanda ya ga hatimin jami'a zai ɗauka mun tabbatar. Kai ma ka san don haka ake son hatimin."

"To ni ba zan sa hannu ba. Ba na son rigima a ƙofar sashe."

"Sai in sa nawa ni kaɗai."

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne Inna, mahaifiyarta. Ta same ta a tsakar gida tana ninke wanki, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mutumin nan shi ya kai ki makaranta a kan kekensa, ranar da ubanki ya ce karatun mace ɓata lokaci ne. Yau da karatun za ki tsinka shi a gaban jama'arsa?"

"Inna, shi ne ya taɓa zane ni don na ce ban fasa tulu ba alhali ni na fasa. Ban manta ba."

"Tulu daban, addini daban."

"Addinin da sai na yi ƙarya zai tsaya, Inna, ai ban girmama shi ba. Ni ina ganin ya fi ƙarfin haka."

Inna ta ci gaba da ninke zanen da ta riga ta ninke.

Malama ta rubuta rahotonta shafi tara, da hoton tambarin, da na ƙarzar alƙalami. A ƙarshe ta ƙara da cewa duk wanda ya kawo shaidar an yi irin wannan takarda kafin buɗe masana'antar, za ta janye maganarta a bainar jama'a, ta kuma gode masa. Ta aika wa Kawu kwafi tare da littafinsa, ta aika wa mujallar masu irin aikinta wani.

Abin bai zo da sauƙi ba. Aka cire ta daga kwamitin bincike na sashe, wai don a rage mata nauyi. 'Yan uwa suka daina kiranta. Wata rana ta tarar an rubuta mata baƙar magana da gawayi a bangon gida, ta ɗebo ruwa da soso ta wanke, ta tafi aiki. Kawu ya buga littafin da shekara ɗari huɗu a bangonsa, babu hatimin kowa, kuma har yau in sun haɗu amsa gaisuwa kawai yake yi.

Bayan wata biyar mujallar ta buga rahoton. Wani masani daga nesa ya rubuto cewa ta yi kuskure a abu ɗaya: masana'antar ta fara amfani da tambarin shekara shida kafin lokacin da Malama ta faɗa, ya haɗo da shaidarsa. Ta duba, ta ga ya fi ta gaskiya. A ranar ta rubuta gyara da godiya.

Farfesa ya tare ta a baranda yana murmushi. "Kin gani? Ke ma ga shi an ƙaryata ki."

"An gyara ni, ranka ya daɗe, da hujja. Shekara shida aka ƙara. In akwai mai sauran ɗari ukun, ofishina a buɗe yake."

Ta wuce da ambulan ɗin gyaran a hannu, don ta riski mai kai wasiƙu kafin ya fita.