Farantin Kurame

A ɗakin gwaje-gwajenmu kowa kisa ya koya, ni kaɗai ce na zo da maganar sulhu. Shugaban sashen, wanda ɗalibai ke kira Janar a bayan idonsa, ya tsufa yana neman maganin da zai share ƙwayoyin cuta tas. In ya ɗaga farantin da ake shuka ƙwayoyin a kai ya ga wurin da magani ya taɓa ya zama fili fetal, sai ka ga haƙoransa. In kuwa ƙwayoyin sun tsiro, ranar ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Nawa aikin daban ne. Ƙwayoyin cuta suna da hira. Kowace tana sakin wani sinadari a matsayin sallama, in suka ji sallamar ta yi yawa sai su gane sun taru, su saki guba gaba ɗaya. Ni ba kashe su nake so ba, kunnuwansu nake son toshewa da wani sinadarin da aka haɗa mini, kowace ta zaci ita kaɗai ce a duniya ta kama kanta. Ƙwayoyin da nake gwaji da su ba su iya ɓoye gulma: muddin sun ji juna sai su rine su koma shunayya. In sinadarina ya yi aiki za su tsiro ɓul-ɓul da ransu, amma fari fat.

Duk wannan na yi wa Janar bayaninsa a taron sashe, yana ta gyaɗa kai. Daga baya na gane gyangyaɗi ne.

Matsalar ita ce sinadarin ɗan kaɗan ne, wanda ya haɗa shi kuma ya bar aiki. Sannan kwamitin bincike ya ce in ban nuna sakamako ba kafin ƙarshen zango, za a ba wani teburina, a mayar da ni gwajin magungunan kisa. Na yi shekaru ina bin wannan tunanin, ban ƙi in rasa komai ba a kan in rasa teburin nan.

Kullum da yamma zan shuka ƙwayoyin a faranti biyu, ɗaya da sinadari ɗaya babu, in saka su a akwatin ɗumi. Da safe in na kai yara makaranta na iso, sai in tarar da marar sinadarin yana nan ya yi shunayya abinsa, ɗayan kuwa ko sama ko ƙasa. Na farko na ce mantuwa ce. Na biyu na sauke akwatin kaf. Na uku na tafi kai tsaye wurin dattijon da ke kula da tukunyar tururi, inda ake dafe duk farantin da aka gama da shi.

"Baba, kai ke kwashe mini faranti?"

"Ni? Abin da na tarar a bokiti shi nake dafawa. Ba na shiga akwatin kowa, ko na matata."

Na ba shi haƙuri na dawo raina a jagule. Na ɗaga kwalbar sinadarin na duba, saura na gwaji ɗaya tak.

Na shuka na ƙarshen, na ce wa baban yara gobe shi zai kai su makaranta, ko da takalmi ware-ware ne. Da sassafe na shiga ɗakin, na raɓe bayan firji kamar ɓarauniya a wurin aikina. Ƙafata har ta fara sanyi sai na ji ƙofa.

Janar ne. Ya shigo da sanɗa, ya buɗe akwatin ɗumi, ya zaro farantina ya ɗaga shi saitin taga. Daga inda nake na hango shi, ƙwayoyi sun cika shi dam, farare sol. Nan take na san na ci. Shi kuwa ya girgiza kai.

"Allah sarki, yarinyar nan," ya ce a hankali. "Yau ma ko ɗaya ba ta mutu ba."

Ya juya ya nufi bokiti.

"Farfesa!"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ya zabura, farantin ya yi tsalle daga hannunsa, ya cafe shi da ƙirji da gwiwar hannu, gilashinsa ya zamo kan hanci.

"'Yata, me kike yi a bayan firji?"

"Ranka ya daɗe, ina za ka kai mini shi?"

Ya yi ƙasa da murya kamar mai ta'aziyya. "Ban so ki gani ba ne. Kina ƙoƙari, ga yara, ga kwamiti a kanki. Na ce gara ki ɗauka ɓata ya yi da ki zo ki tarar sun yi ƙiba a kan maganinki."

Na so in yi ihu, na so in yi kuka, sai dariya ta riga su. Na karɓi farantin da hannu biyu, na ɗauko mai shunayyar na jera su a gabansa. Na sake bayanin tun daga farko, wannan karon ina kallon idonsa kada ya lumshe.

Ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Wato suna da rai, amma ba sa jin juna?"

"Ko kaɗan."

"Kuma haka ake so?"

"Haka ake so."

Ya laluba kujera ya zauna. "To waɗanda na zubar a baya fa?"

"Su ma farare ne?"

"Fes," ya ce, da ƙaramar murya.

Tausayinsa ya kama ni fiye da haushin. Mutumin da ba ya ko tambayar ɗalibi ya gajiya, shi ne ke fitowa da sassafe don kada raina ya ɓaci.

Na ɗauki hoton farantin ta kowace kusurwa, na mayar da shi akwatin. Janar ya miƙe, ya ce da kansa zai kira kwamitin su zo su gani da idonsu. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya ciro mabuɗin akwatin ɗumin daga cikin mabuɗansa ya damƙa mini.

"Kulle shi, 'yata. Ko na roƙe ki kada ki ba ni. Kaina ya gane, amma hannuna bai gane ba tukuna."