Mai Daka wa Don Plinio Domino

Da aka tsaga ƙirjin Don Plinio aka gyara masa jijiyoyin zuciya, rabuwa da soyayyen naman salami bai dame shi ba, barin taba ma ya haƙura. Kujerarsa ce ta tsaya masa a rai. Tun yana saurayi yake da kujera a teburin wasan domino na ƙofar kantin unguwarsu a garin Baní, kuma dokar teburin ɗaya ce: wanda ya ajiye ƙwaya a hankali, ya tashi ya ba masu rai wuri. Domino dakawa ake yi, sai kwalabe sun yi tsalle, sai an taɓo kakan wani.

Yudelka, nas ɗin da ke sa masu jinya motsa jiki a asibiti, ko a jikinta.

"Don Plinio, tafiya kullum, magani a kan lokaci, gishiri kaɗan. Ba dukan tebur, ba ɗaga hannu sama sai ƙashin ƙirji ya haɗe. Fushi kuwa, ka manta da shi."

"'Yata, to da me zan yi wasa?"

"Wannan kuma ba aikin asibiti ba ne."

Matarsa, Doña Belkis, ta tsani domino kamar ciwon haƙori, amma ta fi tsanar ganinsa zugum a tsakar gida. Ran nan ta yar da tsintsiya ta ce, "Tashi mu je, tsoho. Kai ka zaɓa, ni in daka."

Haka kuwa aka yi. Ya zauna rungume da ɗan matashin da aka ba shi na dafe ƙirji, tana tsaye a bayansa. Ya nuna ƙwaya da leɓe, ta ɗauka ta maka wa tebur, har karen kanti ya canza wurin kwanciya. In abokin wasansa Ulises ya yi wauta, sai Don Plinio ya ja numfashi ta hanci yadda aka koya masa, ya ce a hankali, "Belkis, raina ya ɓaci."

"Ulises," in ji ta, "wannan kan naka kwakwa ce, ko ruwan ma babu a ciki."

Don Plinio ya taɓa jijiyar wuyansa, ya ji lafiya lau, ya gyaɗa kai. Wallahi bai taɓa jin daɗin fushi irin wannan ba.

Sai dai fa, a hankali hannun ya fara gardama. Ya nuna wannan ƙwaya, ta ɗauki waccan. Ya so ya yi magana, ya tuna an hana shi fushi, ya ce, "Belkis, raina ya ɓaci da ke," ta zagi kanta sama-sama ta ci gaba. Abin haushin, suna ta ci. Ranakun da yake asibiti yana taka keken da ba ya zuwa ko'ina, ita ke riƙe masa kujera.

Ranar da Yudelka ta ce ƙashi ya haɗe, ya sa farar rigarsa ya nufi kanti, yana murza kafaɗa. Ya tarar da Belkis zaune daram, ana tsakiyar wasa. Ba wanda ya motsa.

"An sallame ni," ya ce.

Ulises ya ƙura wa ƙwayoyinsa ido. "Mutumina, ka dai bi a hankali. Zuciya ba abin wasa ba ce."

Nan ya gane: Belkis suke so a kujerar, ba shi ba. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki irin wanda ba a aika wani ya yi maka. Ya tsaya a bayan kujerarsa, hannuwa a sake, ya rasa inda zai sa su.

Belkis ba ta ko waiwayo ba. Ƙwaya ɗaya ta rage mata, ta cin wasa. Ta ɗaga ta sama ta kafaɗarta.

"Tsoho, hannuna ya gaji. Daka min."