Zanen Gidan Ɗanlaraba

"Baba, ɗan matsa, ka tare mini haske," in ji Chamsou.

Ɗanlaraba bai matsa ba. Yana tsaye bayan 'yarsa a ɗan shagonta na buga takardu a unguwar Nkembo ta birnin Libreville, idonsa a kan kwamfuta, amma hankalinsa tuni ya isa Damagaram. Ruwa na dukan kwanon rufi, masu taksi na ta hon a hanyar Mont-Bouët, shi kuwa yana can cikin gidan da zai gina, yana taka simintinsa mai sanyi ba takalmi.

Shekara da shekaru yana sayar da atamfa a kasuwa yana gina gidan nan a ka, don a can yake so ya ƙare kwanansa. Da abin ya nuna, ya sami mai zanen gidaje a unguwar Plaine Orety, ya zauna ya faɗa masa komai ɗaki-ɗaki. Aka ba shi zanen a PDF, ya tura wa yayansa Saïdou, wanda zai tsaya a kan ginin. Amsa ta zo nan take: "Madalla, Allah ya sa albarka." Sai da magina suka zo haƙa tushe sannan Saïdou ya fito fili ya ce wayarsa ba ta buɗe irin wannan abu, kunya ce ta hana shi faɗa. Ashe duk albarkar nan a kan abin da bai gani ba ya sa ta.

"Kowane shafi zai koma hoto," in ji Chamsou. "Ko wayar da ta ga jiya za ta buɗe shi."

Shafukan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, uban yana bin su da yatsa kamar mai zagawa da baƙo. Ga manyan tagogi, don iska ta ratsa. Ga rufi mai gangare. Ga baranda mai faɗi.

"Nan zan riƙa zama bayan la'asar in ruwa ya tsuge," ya ce, muryarsa ta yi laushi. "In sha shayi, in ji shi yana zuba har magariba."

Chamsou ta ɗago ta dube shi. Ta sa hotunan a wayarsa, ta tura wa Saïdou.

Gani ya kori ji. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo, ana jin tumaki na kuka a bayan Saïdou.

"Ɗanlaraba, mun gani, gida ya yi kyau ƙwarai. Amma ina zaure? Baƙo ya yi sallama sai ya faɗa kan iyali? A ina za ka karɓi gaisuwa? Sannan wannan rufi, wane ruwa kake tsoro a Damagaram? Tagogin nan kuwa, rana sai ta gasa ku. Ko wani shafi ne ya ɓace a hanya?"

"Kin bar shafi," ya ce wa 'yarsa.

"Duka na mayar, Baba."

Ya karɓi wayar, ya ware hoton da yatsu biyu, ya bi bangon gaba daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙofa daga waje kai tsaye take shiga falo, kamar ta gidan hayarsu. Mai zane bai yi kuskure ba; abin da aka faɗa masa ya zana. Tsoro ya kama Ɗanlaraba, tsoro na gaske, don duk shekarun nan da yake yawo cikin gidan a ransa, ko sau ɗaya bai ji wani abu ya rage ba.

Wani saƙon ya shigo. "To, magina na tsaye. Su fara ko su dakata?"

Ya danna wurin magana ya riƙe, bakinsa a buɗe. Da yatsansa ya gaji ya saki, saƙon ya tafi Damagaram, ba komai a cikinsa sai ƙarar ruwan Libreville.