Faɗan Akawu da Dogo

Duk shekarun da ta yi tana aiki a kotu, Akawu ba ta taɓa buga kalmar da ba wani ne ya faɗa ba. Alƙali ya faɗa, lauya ya faɗa, yatsunta su bi su a kan tafireta. Da ta yi ritaya sunan ya biyo ta gida, yatsun kuma suka ƙi ajiye aiki. Ko shayi take sha sai ka ji tana ƙwanƙwasa tebur, har 'yarta ta ce, "Mama, wai me teburin nan ya yi miki?"

Ana nan sai taubashinta Dogo, wanda ya tsufa yana kaɗa fiyano a wani otal, ya koma sabon gida a saman bene. Shi ya hau, fiyanonsa ya ƙi. Majiya ƙarfi suka gwada shi a tsaye, suka gwada a kwance, matakalar ta ce atafau. Aka juyo da shi falon Akawu, aka tura kujerunta jikin bango.

"Ajiya ce ta ɗan lokaci," in ji Dogo.

"Na san ɗan lokacinka. Da ɗan lokaci ka zo duniya, ga ka har yanzu."

Kullum da la'asar yakan zo ya kaɗa abin da yake kira jaz. Ita tana kicin tana cewa hayaniya ce, ƙafarta kuwa tana bin kiɗan ba da izininta ba. Wata rana ya shigo ya same ta ta buɗe murfin fiyanon, tana lallatsa fararen maɓallan da yatsa ɗaya kamar mai gwada zafin ruwa.

"Ƙura nake sharewa," ta ce.

"Matsa in nuna miki inda ƙurar ta fi yawa."

Haka karatu ya fara. Akawu ba ta sha wuya ba, don yatsunta sun saba da biyayya. Duk abin da Dogo ya ɗora mata a takarda sai ta kaɗa shi cif, ba ragi ba ƙari. Tana gamawa sai ta naɗe hannu a cinya ta jira yabo.

"Ya yi," in ji shi. "Kamar ana karanta hukunci."

Sai ya kawo mata wata takarda. Kiɗan ya tafi sumul har tsakiya, daga nan layukan suka zama wayam.

"Injin buga takarda ya cinye maka rabi," ta ce.

"Ba abin da ya cinye. Nan wurinki ne. Ni zan riƙe miki ƙasan kiɗan da hannun hagu, ke ki faɗi abin da kika ga dama."

"Wa zai faɗa mini abin da na ga dama?"

Dogo ya yi dariya har da tari. Suka gwada. Da suka iso wurin, Akawu ta ɗaga hannu ta ƙame, kamar an ce ta tsallaka titi ido rufe. Da ƙyar ta latsa maɓalli ɗaya, ya fito a karkace. Nan take ta tsaya ta ce a koma farko.

"Ba a komawa. In kin taka wanda bai dace ba, ki zame kan maƙwabcinsa. Ko ki sake taka shi da gangan, mutane su ɗauka kin san abin da kike yi."

"Ashe haka ka ci abinci duk shekarun nan."

"Har da nama."

Aka daɗe a haka. Ta haddace duk dabarun da ya koya mata, amma da an zo wurin nan da ke wayam sai hannunta ya yi sanyi. Abin ya fara cin ranta. Ta ce wa 'yarta ita dai Allah bai yi ta da wannan ba, gara ta koma ƙwanƙwasa teburinta.

Ranar da ta yi niyyar gaya wa Dogo ta haƙura, ya zo a makare, ya wuce kicin ya zuba wa kansa abinci, ya cinye tas, sannan ya zauna gaban fiyano yana sakace.

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce.

Akawu ta zauna a gefensa, ta juyo za ta wanke shi. Kafin ta buɗe baki ya kaɗa wani ɗan guntun sauti mai hawa sama, irin na mai ɗaga gira yana cewa, "Ƙarya na yi?"

Ba ta san lokacin da hannunta ya sauka ba. Ta dankara maɓallai uku a ƙasa, masu kauri: "Ka cinye kuma!"

Ya amsa da wani siriri, mai marairaicewa. Ta kore shi da gudun yatsu daga sama har ƙasa. Ya lallaɓo, ta tare. Hannunsa na hagu ya kama tafiya a hankali, ita kuma ta ci gaba da zazzaga masa: zuwa a makare, kujerunta da ke jikin bango, kwanon da bai taɓa wankewa ba. Ta taka wani baƙin maɓalli da bai dace ba, ta sake taka shi, ta kuma takawa, don a faɗa ba a neman afuwa. Can ta ji abin ya daina zama faɗa. Kafaɗunta na motsi, wani daɗi na taso mata tun daga ciki, irin wanda ta manta da shi tun suna yara suna tsere a bayan gida.

Da suka tsaya tana haki, ɗankwalinta ya zame. 'Yarta na tsaye a bakin ƙofa da jakar aiki a hannu, baki buɗe.

"Mama, ke ce?"

"Kawunki ne ya tsokane ni."

Dogo ya goge ido da bayan hannu. "Wallahi tun da nake ba a taɓa zagina da daɗi haka ba."

Akawu ta gyara ɗankwali, ta ture shi da gwiwar hannu har ya kusa faɗowa daga benci.

"Matsa can, dogon banza. Riƙe mini ƙasan. Ban gama da kai ba."