Igiyar Baba a Cikin Na'ura

Ƙarfe goma na safe, ana yayyafi, muka shiga ɗakin hoto na asibiti ni da Baba. Wata biyu ke nan cikinsa yana kumbura, har idan ya tsaya ba ya ganin ƙafarsa. Ruwa ne ya taru. Likita ta ce ruwan ciki iri biyu ne. Akwai wanda hanta ke zubowa idan ta gaji, wannan ana lallaɓa shi da magani. Akwai kuma wanda ciwon daji ke kawowa. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Baba ya yi shekara arba'in yana haƙa rijiya, ni ne mai riƙe masa igiya tun ina ƙarami.

"Na ƙare rayuwata ina neman ruwa," in ji shi, "yau ga shi ya biyo ni har gida."

Na'urar hoton fara ce ƙal, da rami a tsakiya, kamar rijiyar da aka kwantar a gefe. Mai kula da ita, wata mata mai tabarau, ta ce akwai maganaɗisu a ciki mai ƙarfin da zai fizge makulli daga hannun mutum. Ta kwantar da Baba, ta toshe masa kunne, ta sa masa wata 'yar roba mai igiya a hannu.

"Baba, idan da magana, ka matsa wannan."

Ya gyaɗa kai kamar wanda ya daɗe da sanin aikin. Ni na tsaya a bayanta, ina kallo ta gilashi. Gadon ya shige da shi, saura tafin ƙafarsa a waje. Na'urar ta fara bugu kamar ana fasa dutse. Ba a jima ba Baba ya matsa robar, ƙararrawa ta yi ƙara. Matar ta tsayar da komai, ta yi masa magana ta lasifika.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata."

Ta sake farawa. Ƙararrawa kuma. Lafiya lau. Sai da aka yi haka sau uku, sannan ta cire tabarau ta murza ido.

"Hoton lalacewa yake yi. Ga mutane a layi. Idan ya sake, sai dai ku dawo bayan sati uku."

Sati uku ba mu san wane irin ruwa ne ba. Na tsaya ina tunani, ni ba mai saurin kai ba ne. Can sai na lura sau ɗaya tak yake matsawa kowane karo.

"Malama," na ce, "ba tsoro yake ji ba. Gaishe ki yake yi."

Na yi mata bayani. A cikin rijiya, idan na ƙasa ya ja igiya sau ɗaya, yana nufin ina da rai. Sau biyu, ja guga. Sau uku, fito da ni. Na sama kuma dole ya ja ya amsa masa. Mutumin da ya shiga rami ya yi shiru, shi ne abin tsoro.

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta sa na cire bel da makulli, ta tambaye ni ko akwai ƙarfe a jikina, sannan ta shigar da ni. Na riƙe babban yatsan ƙafar Baba. Duk sanda bugun ya ɗan tsaya, sai ya motsa yatsan sau ɗaya, ni kuma in matsa masa shi. Haka muka yi har aka gama.

Likita ta kira mu gaban allo. Ga cikin Baba yanki-yanki, ba a taɓa shi da wuƙa ba. Ta ce na'urar tana kallon yadda ruwa ke motsi. Inda daji ya cunkushe nama, ruwa ba ya samun hanya, sai wurin ya yi haske.

"Ruwa a yashi da ruwa a yumɓu," in ji Baba a hankali.

"Ka ma fi ni iya faɗa."

Ta bi tantanin cikin da bakin biro, daga wannan gefe zuwa wancan. Siriri ne sumul, babu haske, babu ƙullutu. Hantar ce ta tsuke. Ta ce duk da haka za su ɗebi kaɗan da allura su tabbatar, amma ita ba ta ga daji ba.

Na zauna. Baba kuwa bai ɗauke ido daga allon ba.

"Auta, sai na haƙa zurfin gaba ashirin kafin in san ruwa mai daɗi ne ko mai zartsi. Wannan na'urar ko taki ɗaya ba ta tona ba."

Da muka zo fita, ya tsaya yana lalubar takalminsa da ƙafa, ciki ya hana shi sunkuyawa. Ni kuma hannuna cike da takardu. Matar mai tabarau ta zo wucewa za ta kira na gaba. Ta durƙusa, ta zura masa ɗaya, ta zura ɗayan, ta ja babban yatsansa sau ɗaya. Kafin mu buɗe baki ta shige, ƙofa ta rufe.