Hujin da Mai Walda Ya Yi wa Tayarsa

A taƙaice: ƙungiyar mahaya keke ta fita doguwar tafiya, ta dawo ba a rasa rai ba, sai dai mutum guda ya zubar da girmansa da hannunsa. Ga bayanin.

Dokar ƙungiyar ita ce, duk wanda aka tsaya jira sau uku, a loda shi da kekensa a motar da ke biye da su. Yayan Mai Walda, wanda bai daɗe da tashi daga jinyar zuciya ba, an riga an jira shi sau biyu. Tun a gida kuma ya rantse cewa ranar da aka sa shi a motar nan, shi da keke har abada. Likita kuwa ya ce keken ne maganinsa.

A hawa na ƙarshe Mai Walda na bayansa, yana jin numfashinsa kamar zugazugin da ya huje. Ƙafafunsa na ƙaiƙayin wucewa, ya danne. Can sama Shugaban ƙungiyar ya fara waiwaye, hannunsa na laluben usur.

"Yaya, sauke giyar keken mana," in ji Mai Walda.

"Kai ka haife ni? Tuƙa naka."

Motar ta matso har ana jin hucin injinta. Direba ya leƙo yana dariya: "Baba, na kakkaɓe maka kujera!"

Keken Yaya ya fara tangaɗi. Ba damar tura shi, domin a doka wanda aka tura daidai yake da wanda aka jira. Mai Walda ya dira, ya sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, ya zaro guntuwar waya daga aljihu, ya caka wa tayarsa ta baya.

"Na yi faci!"

Aka busa usur. An tsaya, amma da sunansa. Ya zauna bakin titi yana jujjuya tiyub, yana neman hujin da ya fi kowa sanin inda yake.

"Kai da ke haɗa ƙarfe, roba ta gagare ka?" in ji Shugaba. "Rana na yi, malam!"

Mai Walda ya ci gaba da laluben tiyub ɗinsa. Idonsa na kan ƙirjin Yaya, bai manna facin ba sai da ya ga numfashin ya lafa.

Yaya ya ƙarasa hawan a kan sirdinsa.

Asarar da aka yi: lafiyayyen tiyub ɗaya, laƙabin Sarkin Faci, wanda har yau bai goge ba, da faɗan da Yaya ya yi masa har ƙofar gida, kan mutumin da ba ya kula da kekensa.