Kwikwiyon da Aka Kawo Gadi

Tun ranar da ɓarayi suka haura katanga suka karya wa mijinta hannu, gidan bai koma daidai ba. Hannun ya warke, amma mutumin ya daina dariya. Wata rana da hantsi sai ga shi da kwali, a ciki ɗan kwikwiyo baƙi yana ta karkarwa, ko tsayuwar kirki bai iya ba.

"Gadi zai yi," in ji shi. "Kada ki taɓa shi, kada ki yi masa magana. In ya saba da mutane ba zai yi cizo ba."

Ya ɗaure shi a lungun bayan kicin, ya wuce garejinsa.

Ita tela ce, kekenta yana jikin tagar da ke kallon lungun. Kukan kwikwiyon siriri ne kamar na jinjiri. Ta yi ta taka keke da ƙarfi don ta danne shi, har wuyan rigar da take ɗinkawa ya karkace. Daga ƙarshe ta tattara ƙyallaye ta shimfiɗa masa, ta zuba madara a murfin gwangwani. Ya ƙi sha, ya manne da bango. Sai da ta tsoma yatsa ta kai bakinsa sannan ya lasa.

Daga nan, da maigida ya fita sai ta kwance igiyar. Ta koya masa yin kashi a bakin magudana. Ya gane kwanonsa, ya yi ɓulɓul, ya riƙa barci a gindin kekenta.

Ran nan maigida ya dawo da wuri tare da mai gyaran famfo. Kwikwiyon ya ruga yana kaɗa jela, yana lasar takalmin baƙon.

Mai famfo ya tuntsire da dariya. "Ai wannan karen, ɓarawo ma zai raka har ɗaki!"

Maigida ya juyo ya dube ta.

"Haba maigida, jariri ne fa."

"Ba ke ɓarayi suka taka a ƙasa ba," ya ce a hankali.

Ya cusa kwikwiyon a buhu, ya ɗaure a bayan babur. Ba ta tambayi inda ya kai shi ba, shi ma bai faɗa ba. Da yamma ya dawo janye da wani ƙaton kare mai yankakken kunne, a sarƙa.

Masu kawo ɗinki suka daina shigowa, sai su tsaya a waje su ƙwala mata kira. Ita kanta in za ta yi shanya, sai ta raɓa jikin bango.